Me Ya Kai Sinawa ga Kiɗan Beethoven, Kuma Me Turai Ta Karɓa Daga Wajensu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, ina zuwa Guangzhou sarin kaya. A gidan da nake sauka, kusan kullum da yamma sai in ji yara suna koyon fiyano ta bayan bango, wani lokaci har dare ya yi nisa. Tafintana ya ce mini kaso mai tsoka na abin da yake samu a kan darasin 'yarsa yake ƙarewa. Kuma kiɗan duk na Turawa ne, irin na su Mozart da Beethoven. Na ji ana kiran wannan musayar al'adu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutanen da suke da tarihi na dubban shekaru, da kayan kiɗansu na kansu, me ya sa suka rungumi na wasu haka? Musaya ce ta gaskiya, ko kwaikwayo ne aka yi wa kwalliya? In musaya ce, su Turawan me suka karɓa?

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Zargin da ke cikin tambayarka yana da tushe, domin tsawon shekaru masu yawa ruwan gefe ɗaya yake gangarawa, daga Turai zuwa Sin. Amma ban yarda a kira abin kwaikwayo ba. An ɗaure mutane a kansa, wasu sun rasa rayukansu, kuma daga ƙarshe Sinawa sun sarrafa shi sun mayar wa Turai da wani abu wanda ba ta da shi a da. Sai dai wannan sarrafawar ba a hannun mashahuran makaɗan fiyano za ka gan ta ba. A wajen masu tsara kiɗa take, waɗanda sunayensu ba su cika fitowa a talabijin ba.

Mutane da yawa suna ɗauka kiɗan Turai daɗinsa ne ya ja hankalin Sinawa tun ganin farko. Tarihi bai nuna haka ba. A 1601 wani limamin Katolika ɗan Italiya, Matteo Ricci, ya shiga Beijing da tsaraba ga Sarki Wanli na daular Ming, cikin tsarabar har da wani ƙaramin abin kiɗa mai madannai, kakan fiyano. Sarki ya sa babanninsa huɗu su koya. Daga baya Sarki Kangxi na daular Qing ya nuna sha'awa sosai, ya ajiye Tomás Pereira ɗan Fotugal a fada, sannan Teodorico Pedrini wanda ya iso a 1711 ya koyar da 'ya'yan sarki. Duk da haka abin bai wuce katangar fada ba. Joseph Amiot, Bafaranshen da ya zo Beijing a 1751, ya rubuta cewa ya kaɗa wa malaman Sin kiɗan Rameau, wanda Faransa take alfahari da shi a lokacin, bai ga ko gezau a fuskokinsu ba. Suka ce masa nasu kiɗan yana bi ta kunne ya kai zuciya, nasa kuwa bai yi musu haka ba. Kusan shekara 300 aka yi a haka.

A nan zan ɗan ratse. Fiyanon da kake ji ta bayan bango ana saita shi ne ta hanyar raba tsanin sauti gida 12 daidai wa daida. Wani ɗan sarki na daular Ming, Zhu Zaiyu, ya warware lissafin wannan rabon a 1584, da allon lissafi mai ƙwallaye da ya sa aka ƙera masa, kusan lokacin da Simon Stevin yake fama da lissafin a Holan. A Sin aka ajiye aikinsa a ɗakin littattafai, Turai kuwa ta gina kiɗanta na baya a kan wannan tsarin. Makaɗan Sin sun san wannan labari, kuma suna faɗinsa da alfahari.

Abin da ya sauya al'amari shan kaye ne. Ingila ta ci Sin a Yaƙin Ofiyom na 1839 zuwa 1842, aka buɗe Shanghai ga baƙi. Japan, wadda Sinawa suke yi wa kallon ƙanwa, ta ci su a 1895. Daular Qing ta rushe a 1912. Matasan masu ilimi suka shiga tuhumar duk abin da suka gada, daga tsarin jarrabawa har salon rubutu, kiɗa ma bai tsira ba. Suka ga kiɗan Turai a rubuce yake dalla-dalla, yana da ƙa'idar haɗa muryoyi daban-daban su tafi tare, mutum 80 za su iya zama su kaɗa abu ɗaya ba tare da an yi karo ba. Sai suka ɗauke shi a matsayin ɗan'uwan kimiyya da jirgin ƙasa. Ta makarantun firamare ya fara shiga gidaje: ɗaliban da suka dawo daga Japan suka riƙa ɗora baitocin Sinanci a kan karin waƙoƙin Turai da Amurka ana rera wa yara. Xiao Youmei, wanda ya yi karatu a Leipzig ta Jamus, ya haɗu da Cai Yuanpei suka kafa kwalejin kiɗa ta farko a ƙasar, a Shanghai, cikin Nuwamba 1927. Wasu daga cikin mutanen wannan zamani sun rubuta ƙarara cewa kiɗan ƙasarsu ya tsaya cak, duniya ta wuce ta bar shi. To ka ga, Alhaji, a wannan gaɓar zarginka ya sami wurin zama. Raina kai ne ya buɗe ƙofar, ba na musun wannan.

Shanghai ɗin ma ba da hannu biyu ta karɓi 'yan ƙasa ba. Ƙungiyar makaɗan birnin, wadda ta samo asali tun 1879, ta baƙi ce, don baƙi take kaɗawa. Mario Paci, ɗan Italiyan da ya karɓi jagorancinta a 1919, shi ya matsa har aka bar Sinawa su shiga su saurara a 1925. Sai a 1927 Basine na farko, Tan Shuzhen mai kaɗa biyolin, wato gogen Turawa, ya zauna cikin makaɗan. Ka riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da shi.

Amma ga wani abu da ake yawan mantawa, kuma a ganina shi ya ba wa lamarin ɗanɗano dabam. Yawancin malaman da suka koyar da Sinawan farko ba jami'an mulkin mallaka ba ne, 'yan gudun hijira ne waɗanda ba su da ƙasar komawa. Akwai Rashawan da suka tsere bayan juyin juya halin 1917 suka zauna a Harbin da Shanghai, irin su Boris Zakharov malamin fiyano. Daga 1938 kuma Yahudawa kusan 20,000 suka kwararo Shanghai daga Jamus da Ostiriya, saboda ita ce kusan kaɗai tashar da ba ta neman biza. Cikinsu akwai Alfred Wittenberg, gwanin biyolin daga Balin, wanda bayan yaƙi ya ƙi barin ɗalibansa, ya zauna har ya rasu a Shanghai a 1952. Malami mai neman abin sawa a baki da ɗalibi mai ƙishirwar ilimi, zamansu ba irin na ubangida da bara ba ne.

Wani Barashe ɗan gudun hijira da ya kawo ziyara daga Faris, Alexander Tcherepnin, ya yi abin da ya juya akalar tafiyar. A 1934 ya sa gasa da kuɗinsa, ya ce a rubuto kiɗan fiyano mai ɗanɗanon Sin. Wani ɗalibi talaka daga lardin Hunan, He Luting, ya lashe ta da ɗan gajeren kiɗa a kan yaro makiyayin ɓauna da sarewarsa. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki tsanin sauti biyar na karkarar Sin, ya ba hannun dama karinsa, ya ba hannun hagu nasa, suna bin juna suna ratsa juna, dabarar da aka san Bach, babban mai tsara kiɗa na Jamus, da ita. Duk Basinen da ya ji ya san daga gida aka ɗebo shi, duk Baturen da ya duba takardar ya san aikin ƙwararre ne. Har gobe yaran Sin suna koyon wannan kiɗa, kuma ba mamaki yana cikin abin da ke ratso maka bango.

Shekara biyar bayan haka, Xian Xinghai, ɗan talakawan da ke rayuwa a kan kwalekwale a kudancin ƙasar, wanda ya yi aikin ƙarfi a gidajen abinci na Faris yana karatu a hannun Paul Dukas, ya rubuta babbar waƙar taro ta Rawayen Kogi a Yan'an, ana tsakiyar yaƙi da Japan. Kayan kiɗa ba su isa ba, har sai da aka haɗa wani babban goge da garwar mai. Fasalin na Turai ne, amma aikin da aka sa shi na zaburar da mutanen Sin ne su kare ƙasarsu. Babban zauren kiɗa na Guangzhou, wanda ke tsibirin Ersha, sunansa yake ɗauke da shi. In ka sami sarari wata tafiyar, ka leƙa.

Bayan 'yan kwaminisanci sun karɓi mulki a 1949 ƙofar Yamma ta rufe, ta Tarayyar Sobiyet da Gabashin Turai ta buɗe. Malamai suka zo daga Mosko, ɗalibai suka tafi. A 1955 Fou Ts'ong ya zo na uku a gasar Chopin ta Waso, ya kuma karɓi kyauta ta musamman a kan mazurka, kiɗan rawar ƙauyukan Folan da ake cewa sai ɗan ƙasa ke iya fitar da taken sa. Shi da kansa ya sha danganta fahimtarsa ga Chopin da tsofaffin waƙoƙin Sin da mahaifinsa ya sa shi ya haddace yana yaro. A 1958 Liu Shikun ya zo na biyu a gasar Tchaikovsky ta Mosko, bayan Van Cliburn na Amurka. A 1959 kuma ɗalibai biyu na kwalejin Shanghai, He Zhanhao da Chen Gang, suka tsara kiɗan biyolin a kan tsohuwar tatsuniyar masoya biyu, Liang Shanbo da Zhu Yingtai, waɗanda aka hana su aure suka mutu suka zama malam-buɗe-littafi. Wata yarinya 'yar shekara 18, Yu Lina, ta fara kaɗa shi a bainar jama'a. He Zhanhao ya fito ne daga ƙungiyar wasan kwaikwayon waƙa na lardin Zhejiang, ya san mutanen karkara ba sa jin biyolin a ransu. Sai ya sa mai biyolin ya riƙa zame yatsa daga wannan sauti zuwa wancan, yana lanƙwasa shi, kamar yadda ake yi a erhu, gogen Sinawa mai tsirkiya biyu. Malamin Turai zai ce wa ɗalibi ya rage irin wannan zamiya. A nan kuwa ita ce ran kiɗan. Yau manyan makaɗan biyolin na Amurka da Turai suna zama su koyi wannan zamiyar domin su iya kaɗa shi daidai.

Sai 1966 ta zo, Juyin Juya Halin Al'adu ya ɓarke, aka ayyana kiɗan Turai a matsayin dafin 'yan jari-hujja. Wannan babi nake so ka tsaya a kansa, Alhaji, domin shi ne amsar kalmar kwaikwayo. Jajayen Dakaru, wato ƙungiyoyin matasa magoya bayan jagoran ƙasar Mao Zedong, suka bi gidaje suna farfasa fayafayai da fiyano. Iyayen Fou Ts'ong, wanda a lokacin ya riga ya koma Landan, suka kashe kansu a Satumba 1966 bayan an ci zarafinsu. Gu Shengying, matashiyar da ta ciyo kyaututtuka a Turai da fiyano, ta mutu a 1967 tare da mahaifiyarta da ƙanenta, su ma kansu suka kashe. Ma Sicong, shugaban babbar kwalejin kiɗa ta Beijing, ya tsere cikin ƙaramin jirgin ruwa zuwa Hong Kong, ya ƙare rayuwarsa a Amurka. Liu Shikun aka ji masa rauni a ƙashin hannu, ya yi kusan shekara shida a kurkuku. Lu Hongen, jagoran makaɗan Shanghai, an harbe shi a 1968. He Luting, wancan ɗalibin da ya ci gasar 1934, wanda ya zama shugaban kwalejin Shanghai, an gurfanar da shi a talabijin ana dukansa don ya amsa laifi, ya ƙi amsawa. Tan Shuzhen kuwa, Basinen farko a ƙungiyar Paci, an kulle shi wata 14 a wani ɗan lungu mai duhu a ƙarƙashin matakala. Da aka sake shi, koyar da biyolin ya koma yi. Mutum ba ya jure irin wannan a kan kayan aro.

Akwai wani ɓangare na wannan zamani da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya haifar da iyayen yaran da kake ji. Jiang Qing, matar Mao, ta hana Beethoven amma tana son ƙarfin sautin okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turai. Wasannin juyin juya hali 'yan ƙalilan da ta amince da su, da yawansu da kayan kiɗan Turai ake raka su. Yin Chengzong ma ya sa aka ɗauki fiyano a mota zuwa dandalin Tiananmen a 1967, ya kaɗa waƙoƙin juyin juya hali don ya nuna kayan bai yi laifi ba. Da yake kowane lardi da kowace rundunar soja suna buƙatar makaɗan da za su gabatar da waɗannan wasanni, iya kaɗa biyolin ko akodiyon ya zama hanyar da matashi zai kuɓuta daga aikin gona na dole a ƙauye. Iyaye suka riƙa ɓoye yara a ɗaki suna koya musu. Haka kayan kiɗan Turai suka kai garuruwan da ba su taɓa kaiwa ba, a daidai lokacin da aka haramta kiɗan da aka ƙera su dominsa.

Siyasa ce ta rufe ƙofar, ita ce kuma ta buɗe. Bayan ziyarar shugaban Amurka Nixon ta 1972, ƙungiyar makaɗan Philadelphia ta zo a Satumba 1973 ƙarƙashin Eugene Ormandy. Ya shirya simfoni (dogon kiɗan okestira) na biyar na Beethoven, Jiang Qing ta ce sai dai na shida, wanda ke siffanta rayuwar karkara, haka kuwa aka yi. A Maris 1977, watanni kaɗan bayan rasuwar Mao, Li Delun ya jagoranci makaɗan Beijing suka kaɗa wancan na biyar ɗin, ranar cika shekara 150 da mutuwar Beethoven, mutane suka gane iska ta sauya. Da aka sake buɗe babbar kwalejin kiɗa, sama da mutum 10,000 suka nemi guraben da ba su wuce ɗaruruwa kaɗan ba. A 1979 Seiji Ozawa ya zo da makaɗan Boston, Karajan ya zo da na Balin, Isaac Stern, gwanin biyolin na Amurka, kuma ya zagaya yana koyarwa ana ɗaukarsa a fim. Stern ya yaba ƙwarewar yatsun ɗaliban, amma ya ce da sauransu wajen sa rai a cikin kiɗan. A lokacin maganarsa tana da hujja, domin yara ne da aka raba su da malamai da fayafayai shekara goma. Abin takaici shi ne maganar ta zama tambari. Har yau akwai masu sharhi a Turai da Amurka da ke jin Basine ya yi kiɗa sai su ce yatsu ne kawai babu zuciya, tun kafin su saurara da kyau. Wannan rashin adalci ne, kuma makaɗan Sin suna jin zafinsa.

Yanzu ga tambayarka ta ƙarshe, me Turawa suka karɓa. Akwai tsohuwar ɗiba wadda aka yi ba da sanin masu kaya ba. Mahler ya gina ɗaya daga manyan ayyukansa na 1908 zuwa 1909 a kan waƙoƙin zamanin daular Tang, irin na Li Bai da Wang Wei, ta hanyar fassarar Jamusanci da ta yi nisa da asali. Puccini ya saka tsohuwar waƙar Sin ta furen yasmin a wasansa na Turandot da aka fara nunawa a 1926, bai taɓa taka ƙasar ba. Masana da yawa kuma suna danganta ƙirar hamonika da akodiyon da sheng, wani abin busa na Sin mai siraran harsunan ƙarfe da ya isa Turai a ƙarni na 18. Wannan duk ɗiba ce daga nesa, ban ɗauke ta cikakkiyar musaya ba.

Ta gaskiyar ta zo ne da 'yan ajin 1978, wato ɗaliban da aka ɗauka da aka sake buɗe babbar kwalejin kiɗa, waɗanda aka tura ƙauye suna yara. Tan Dun ya yi shekara biyu yana dashen shinkafa a Hunan, yana tattara waƙoƙin manoma da na bukukuwan binne mamaci. Chen Yi, 'yar Guangzhou ɗin nan da kake zuwa, 'yar likitoci, tana koyon biyolin a ɓoye da abin danne sauti kafin a tura ta aikin ƙarfi a karkara, daga baya ta yi shekaru tana jagorantar makaɗan wata ƙungiyar wasan gargajiya. Waɗannan mutane sun san Bach, sun kuma san muryar tsohuwa mai kukan makoki a ƙauye, sanin zama tare ba na littafi ba. Chou Wen-chung, malami a Jami'ar Columbia ta New York, ya jawo Tan Dun da Chen Yi da mijinta Zhou Long zuwa Amurka. Chen Qigang ya tafi Faris ya zama ɗalibin Olivier Messiaen na ƙarshe.

Abin da suka kai can tunani ne dabam game da sauti. A al'adar Turai, sauti ɗaya tubali ne, ana jera shi da wasu a yi gini, kuma ana so ya tsaya cak inda aka ajiye shi. A al'adar qin, tsohon abin kiɗan malaman Sin mai tsirkiya bakwai, sauti ɗaya yana da rayuwarsa: yadda aka taɓo shi, yadda ya karkata, yadda ya yi rawa, yadda ya dushe, har ƙarar yatsa a kan tsirkiya ana lissafa ta cikin kiɗa. Harshen ma ya taimaka, domin Sinanci, kamar Hausa, hawa da saukar murya yana sauya ma'anar kalma, don haka kunnen mai tsara kiɗa ya saba da karin da ke bin lanƙwasar magana. Da waɗannan suka shiga rubuta wa okestirar Turai, dole makaɗan Jamus da Amurka suka koyi sababbin hanyoyin riƙe kayansu. A shekarar 2000, da ake cika shekara 250 da rasuwar Bach, cibiyar Bach ta Stuttgart ta nemi mutum huɗu daga sassan duniya su rubuta sabon kiɗa irin wanda Bach ya yi wa coci, Tan Dun yana cikinsu. Ya jera manyan kwanonin ruwa a dandali, makaɗa suna kaɗa ruwan da hannu, mawaƙa suna amfani da salon murya na wasan gargajiyar Sin da na Mongoliya. Jamusawa ne suka kira ɗan Hunan ya taya su tuna babban malaminsu, ya kuma zo da kayan ƙasarsa. Zhou Long ya karɓi kyautar Pulitzer ta Amurka a 2011, Du Yun 'yar Shanghai ta karɓa a 2017. Wu Man, gwanar pipa (abin kiɗan Sin mai tsirkiya huɗu, mai kama da molo) da ta koma Amurka a 1990, ta sa Turawa masu tsara kiɗa da dama sun rubuta wa kayanta sabon kiɗa.

Batun yaran bayan bango kuwa, dalilansa sun fi kusa da kasuwa. Dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015, ta tara burin iyaye biyu da kakanni huɗu a kan yaro guda. Akwai jarrabawar kiɗa mai hawa-hawa har mataki na 10, takardarta kuma abin nunawa ce. Fiyano a falo ya zama shaidar cewa gida ya fita daga talauci. Kamfanin Pearl River da ke Guangzhou, wanda aka kafa a 1956, ya zama mafi yawan ƙera fiyano a duniya, farashi ya sauko. Sannan ga Lang Lang, ɗan Shenyang, wanda mahaifinsa makaɗin erhu ya ajiye aikinsa ya kai shi Beijing, ya yi suna dare ɗaya a 1999 yana ɗan shekara 17 da ya maye gurbin wani makaɗi marar lafiya a kusa da Chicago. Li Yundi ya ci gasar Chopin a 2000, Yuja Wang ta biyo baya. Kowane uba ya ga ɗansa a cikinsu. Da yawan yaran nan ba son kiɗan suke ba, da sun ci jarrabawar ƙarshe sai su rufe fiyanon, kuma a 'yan shekarun nan cinikin fiyano ya ja baya sosai a ƙasar. Amma ko kaɗan ne daga cikinsu suka riƙe, sun isa su cika zaure. Shi ya sa kwalejojin kiɗa na Turai da Amurka suke dogaro da ɗaliban Sin, manyan ƙungiyoyin makaɗa suke rububin zuwa Beijing da Shanghai, makarantar Juilliard ta New York ma ta buɗe reshe a Tianjin.

Inda damuwata take shi ne abin da wannan tafiya ta yi wa kiɗan Sin na asali. Ba wai shi ma bai taɓa karɓar baƙo ba. Erhu daga makiyayan arewa ya shigo, pipa ta biyo hanyar fatake daga tsakiyar Asiya, suona kuma, wadda ake busawa a biki da jana'iza, daga ƙasashen Farisa ta zo, dangi ɗaya ce da algaitarmu. Amma waɗancan baƙin sun shigo ne suka bi tsarin gida. A ƙarni na 20 gidan ne aka sake wa fasali don ya yi kama da baƙo. Tun daga Liu Tianhua, wanda ya koyi biyolin ya ɗebo dabarunsa ya zuba wa erhu kafin rasuwarsa a 1932, har zuwa shekarun 1950 da aka maye tsirkiyar alharini da ta ƙarfe don sauti ya cika zaure, aka ƙara wa pipa matakai don ta iya duk sautuka 12, aka kafa manyan ƙungiyoyin kayan gargajiya masu zama a jere gaban jagora mai sanda kamar okestira, har da manyan gogunan Turai a bayansu don ba da sauti mai kauri. Abin da baƙo yake gani a talabijin ya ɗauka kiɗan dubban shekaru ne, sau da yawa bai kai shekara 100 ba.

Na asalin da ƙyar ya sha. A 1950 masani Yang Yinliu ya je Wuxi ya naɗi kiɗa shida daga hannun Abing, makahon da ke kaɗa erhu a titi. Watanni kaɗan bayan haka Abing ya rasu da sauran abin da ya sani. Binciken da Zha Fuxi ya jagoranta a 1956 bai sami masu kaɗa qin da suka kai 100 ba a faɗin ƙasar. Qin ya farfaɗo tun da UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2003, matasan birni suna koyonsa yanzu. Amma makaɗan ƙauye, masu busa suona a jana'iza da masu raka limaman addinin Tao a bukukuwa, waɗanda suke koyo daga baki zuwa kunne, suna ƙarewa da tsofaffinsu, 'ya'yansu sun tafi birni aikin masana'anta. A kwalejoji kuwa, ɗalibin erhu yakan nuna gwanintarsa ne da kiɗan biyolin na Sarasate ko Paganini da aka juya wa kayansa, saboda da ma'aunin gudu da tsabtar sauti irin na Turai ake auna shi. Su Tan Dun da Chen Yi sun sami abin kai wa duniya ne domin sun tarar da waɗancan makaɗan ƙauyen da ransu. Ɗalibin da ke Beijing yau sai dai ya neme su a faifan da masu bincike suka naɗa.